AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ya Haɗa Manomi Da Shakisfiya?

A wannan fili ne muke buga amsoshin da kuka ji a rediyo, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwati ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Kurya Madaro, ƙasar Ƙauran Namoda, daga wani dattijo manomi wanda yake taɓa sayen hatsi da rani. Ya ce ɗansa yana sakandare, an ce lalle ya sayi littafin wani Bature mai suna Shakisfiya saboda jarrabawa. Ya auni wake ya sayar, ya saya masa, amma yaron ya buɗe Turancin ya gagare shi. Shi ne yake tambaya, wai wane ne wannan mutum, me ya sa ake ɗora wa 'ya'yan talakawa karatunsa, kuma in asarar kuɗi ce a gaya masa gaskiya, ya sa yaron ya ajiye wannan darasi.

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma mun san ba kai kaɗai take damu ba. Amsa a taƙaice ita ce kuɗinka bai faɗi ba. Amma gyara zama ka ji dalili.

WANE NE SHI?

Sunansa Wiliyam Shakisfiya, a bangon littafi za ka ga an rubuta Shakespeare. An haife shi a shekarar 1564 a Sitiratfod, wani garin kasuwa a tsakiyar Ingila, ya rasu a 1616. Ka ga ke nan ya bar duniya shekara 138 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ubansa baduku ne, yana ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma cinikin gashin tumaki. Uwarsa 'yar manomi ce. Shi kansa bai shiga jami'a ba.

Uban nan ya ga sama ya ga ƙasa. A 1568 ya zama shugaban majalisar garinsu. A 1570 aka kai shi ƙara bisa zargin ba da bashi da ruwa. Daga baya karayar arziki ta same shi, har a 1592 aka rubuta sunansa cikin waɗanda suka daina zuwa coci don gudun kada masu bin bashi su sa a kama su. A irin wannan gida yaron ya tashi.

Da ya girma sai ya tafi Landan ya shiga ƙungiyar masu wasan kwaikwayo, yana fitowa a wasa, yana kuma rubuta musu. A 1599 suka gina gidan wasansu mai suna Gulob. Tsakiyarsa a buɗe take ba rufi, da rana ake wasa, kuma kwabo ɗaya ake biya a shiga a tsaya. Saboda haka 'yan dako da masu tuƙin kwalekwale da yaran maƙera su ne suka cika gaban dandamali, attajirai na zaune a sama. In wasa bai yi daɗi ba, nan take za a sani. Dole mai rubutu ya kawo abin da zai riƙe malami, ya kuma ba ɗan dako dariya.

Da ya sami kuɗi, abin da ɗan kasuwar Shinkafi zai yi shi ya yi. Ya sayi babban gida a garinsu a 1597, ya sayi gona eka 107 a kan fam 320 a 1602. A 1604 har ƙarar maƙwabcinsa ya kai a kan sule 35 da kwabo 10, yawancinsu kuɗin hatsin sha'ir da ya ba shi bashi. Bayan rasuwarsa da shekara 7, wato a 1623, abokan aikinsa biyu suka tattara wasanninsa 36 suka buga a littafi ɗaya.

To Malam, ka ji mutumin. Ya san bashi, ya san gona, ya san hatsi, ya san kotu. Abin da ya cika wasanninsa ke nan, kuma shi ya sa ba su tsufa ba. Bari mu ɗauko uku ka auna da kanka.

NA FARKO, BASHI

Akwai wasan da Ɗahiru Idris ya fassara da Hausa ya sa masa suna Matsolon Attajiri. A birnin Benis na ƙasar Italiya aka kafa labarin. Wani falke ne mai suna Antoniyo, dukiyarsa duk tana cikin jiragen ruwa a teku. Abokinsa Basaniyo ya zo yana neman kuɗin neman aure. Antoniyo ba shi da tsaba a hannu, sai ya je wurin Shailok, mai ba da bashi da ruwa, ya karɓo tsabar zinariya 3,000 na wata uku. Shailok ya ce ba ya son ruwa, amma a rubuta cewa in wa'adi ya cika ba a biya ba, zai yanki tsokar jikin Antoniyo kusan rabin kilo. Antoniyo ya ɗauki abin wasa, ya sa hannu, don ya tabbata jiragensa za su iso kafin lokaci.

Jirage ba su iso ba. Aka tafi gaban shari'a. Aka yi wa Shailok tayin ninkin kuɗinsa, ya ce shi tsoka yake so, har yana wasa wuƙarsa. Sai matar da Basaniyo ya aura, Foshiya, ta yi shigar lauya ta zo. Ta roƙe shi ya yi sassauci, ya ƙi. Sai ta ce to ya yanka, amma takarda tsoka ta ambata, ba ta ambaci jini ba. In ɗigo ɗaya ya zuba, dukiyarsa ta tafi. Nan reshe ya juye da mujiya.

Wanda ya taɓa karɓar ba-da-kaka ya san zuciyar Antoniyo. Da damina ana matse, taki ya yi tsada, sai a karɓi kuɗi a ce buhu kaza da kaka, ana ganin gero ya yi kyau. Ba a lissafa fari, ko tsutsa, ko ranar da rashin tsaro zai hana zuwa gonar daji ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma sharaɗin da ka yi dariya ka karɓa shi ne zai tsaya a gaban alƙali. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

Amma fa kada a tsaya nan. Shailok Bayahude ne, kuma wasan yana ɗauke da ƙiyayyar da Turawan wancan zamani suke yi wa Yahudawa, waɗanda aka kora daga Ingila tun 1290. Duk da haka marubucin ya ba shi baki ya faɗi nasa. Ashe Antoniyon nan da ake tausayi ya sha tofa masa yawu a kasuwa yana kiransa kare. A ƙarshe kuma aka raba Shailok da dukiyarsa, aka tilasta masa barin addininsa. Mai kallo yakan tashi yana tambayar kansa, shin adalci aka yi ko ramuwa? Mai bin bashi yana da abin ɗauka, wanda ake bi yana da nasa, haka ma mai wulaƙanta baƙo a kasuwa.

NA BIYU, RABON GIDA

Wasan Sarki Liya an nuna shi a gaban Sarkin Ingila a watan Disamba na 1606. Wani sarki ne ya tsufa, ya ce zai raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku tun yana da rai, ya huta. Sai ya kafa sharaɗi, kowace ta faɗi irin son da take yi masa, wadda ta fi iya faɗi ta fi samun rabo. Manyan biyu suka zuba daɗin baki. Autar, Kodiliya, wadda ita ce mai sonsa da gaske, ta ƙi yin wannan ciniki, ta ce tana sonsa yadda ya wajaba 'ya ta so ubanta. Ya fusata ya kore ta ba ko taƙi.

Abin da ya rage wa kansa shi ne barade 100, da zaman wata guda a gidan wannan, wata guda a gidan waccan. Ba a daɗe ba babbar ta ce baraden sun yi yawa, a mayar da su 50. Ta biyun ta ce 25. Daga nan suka ce ko ɗaya ma me zai yi da shi. Tsoho ya fita cikin dare ana tafka ruwa da iska, aka rufe ƙofa. Autar da ya kora ita ta zo neman sa, amma an makara, domin wasan da mutuwarsu su biyun ya ƙare.

Malam, ka san gidaje nawa ne aka raba gandu tun uba na raye, aka bi wanda ya iya magana aka bar wanda ya iya noma? Wasan bai ce kada uba ya ba 'ya'yansa ba. Abin da ya nuna shi ne mutumin da ya auna ƙauna da baki, ya kuma saki duk abin da ke hannunsa ba tare da ya bar wa kansa ko ɗakin kwana ba. Da-na-sani ƙeya ce.

Ga kuma inda azancin yake. A fadar, cikin masu gaya wa sarkin gaskiya a fuska akwai wawansa, cikin ba'a da habaici da 'yan waƙe-waƙe. Mu wannan ba baƙonmu ba ne. Fadojin ƙasar Hausa sun san wawan sarki. Mun san 'yan kama da 'yan gambara, mun san yadda makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Sa'idu Faru suke saka zambo da habaici a tsakiyar yabo, a yi dariya alhali saƙo ya isa. Wanda ya saba da wannan ya riga ya riƙe rabin makullin Shakisfiya.

NA UKU, HATSI

Wannan ya shafe ka kai tsaye, tun da ka ce kana taɓa awo. Wasan Koriyolanus, wanda aka rubuta wajen 1608, da tarzomar yunwa ya buɗe. Talakawan birnin Rum sun fito da sanduna, suna cewa manya sun cika rumbuna sun kulle, su kuwa suna mutuwa. Sai wani dattijo mai iya baki ya tare su da tatsuniya. Ya ce gaɓoɓin jiki ne suka yi wa ciki bore, wai yana zaune yana ci ba ya aiki. Ciki ya ce ai duk abin da ya karɓa shi yake rarraba musu ta jini. Manya su ne ciki, in ji dattijon, talakawa su ne gaɓoɓi.

Tatsuniyar ta yi daɗi, amma ba ta cika tukunyar kowa ba, kuma marubucin ya bar mai kallo ya lura da haka. Jarumin wasan kuwa, wanda ya ci wa birnin yaƙi, raina talakawa ya yi, har yana ƙin a raba musu hatsi. Girman kan nan shi ya jawo aka kore shi daga garin da ya kare da jininsa.

Ba daga sama ya ɗauko wannan ba. A 1607 talakawan tsakiyar Ingila, har da na yankinsu, sun yi bore saboda masu hali sun shinge filayen da jama'a ke noma da kiwo. Kafin nan an yi shekaru a jere amfanin gona bai yi kyau ba, har a Fabrairun 1598 hukuma ta bi gida-gida a Sitiratfod tana rubuta abin da kowa ya ajiye. Sunan Shakisfiya yana cikin takardar, da sha'ir mai yawa a rumbunsa. Wasu masana sun ce ɓoyo ne don jiran tsada, wasu sun ce abin da babban gida ke buƙata ne. Ko ma wanne ne, mutumin ya san abin da mai rumbu ke ji, ya kuma san abin da mai ƙoƙo ke ji.

Wannan gardama ba ta mutu ba. A Fabrairun 2024, da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, wata hukumar Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, 'yan kasuwa kuma suka ce ajiya ce ta ciniki. Ina iyakar ajiya, ina mafarin ɓoyo? Tambayar da aka yi a dandamalin Landan shekara 400 da suka wuce ke nan.

DARIYA DA WAƘA

Kada ka zaci duk kuka ne. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero ya fassara wani wasan ban dariya a 1971, ya kira shi Daren Sha Biyu. A ciki akwai wani wakilin gida, Malboliyo, mai ɗaure fuska da hana yara sakewa, alhali a ransa mafarkin auren uwargijiyarsa yake yi. Barori suka rubuta wasiƙar ƙarya suka yar a hanyarsa, wai daga gare ta, tana son ta gan shi da doguwar safa rawaya yana ta murmushi. Ya kuwa yi haka, ita ko tana cikin makoki kuma ta tsani launin. Aka ce ya haukace, aka kulle shi a ɗaki mai duhu. Wanda ya taɓa kallon tashe da azumi, ko wasan kalankuwa bayan kaka inda samari ke kwaikwayon hakimi da alƙali, ya san irin wannan dariya.

Wajen waƙa kuwa, ya bar gajerun waƙoƙi 154 da aka buga a 1609, kusan kowace layi 14 ce, yawanci a kan ƙauna da tsufa da yadda zamani ke cinye kome. Kafin shi da kimanin shekara 200 an yi wani mawaƙi, Jefiri Cosa, wanda ya rasu a 1400, ma'aikacin kwastan ne mai kula da harajin gashin tumaki da fatu a tashar jiragen Landan. Ya tsara labarin matafiya wajen 30 da suka haɗu a hanyar ziyara, kowa yana ba da labari don rage tafiya, kamar dai fatake a zango. Ɗaya daga cikin labaran na wasu samari uku ne da suka tsinci zinariya. Aka aiki ɗaya gari ya sayo abinci da abin sha, ya zuba guba a ciki don ya mallake duka, su kuma biyun suka shirya kashe shi in ya dawo. Suka kashe shi, suka sha, suka bi shi. Da yawanku kun ji kusan irinsa a bakin malamai wajen wa'azi. Hikima matafiya ce, ba ta da garinsu.

SHAWARA

Me ya sa ake sa yaranmu karatun? Hukumar jarrabawa ta WAEC takan zaɓi wasa ɗaya na Shakisfiya ga masu darasin adabin Turanci, ta canza bayan 'yan shekaru. Daga 2016 zuwa 2020, alal misali, Otelo aka yi, labarin wani janar baƙon gari da annamimi ya zuga har ya kashe matarsa a kan zargin ƙarya. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, da hannunsa ya fassara wasa biyu zuwa Swahili, ɗaya a 1963, ɗaya a 1969, don mutanensa su ji da harshensu.

Batun wuyar Turancin, gaya wa yaron kada ya karaya. Turancin shekara 400 ne, 'ya'yan Ingila ma sai da sharhi suke gane shi. Ya fara sanin labarin tukuna, wa ya yi me, don me, sa'an nan ya koma ga kalmomin. Wasa kuma don a ji aka yi shi, saboda haka su haɗu su uku ko huɗu su raba sunaye, kowa ya karanta nasa da ƙarfi. In an dace da fassarar Hausa a kantin littattafai ko wurin tsofaffin malaman makaranta, a haɗa da ita.

Gaskiya kuma, a cikin wasannin akwai shan giya da zancen banza da al'adun da ba namu ba. A sheƙe a ɗebi tsaba a bar ƙaiƙayi, yadda ake yi a masussuka.

Kai kuma Malam ga naka aikin. Bayan sallar isha'i ka sa shi ya ba ka labarin littafin da Hausa, kashi-kashi, ka riƙa tsayar da shi kana tambaya, wa ke da gaskiya a nan, da kai ne me za ka yi? In ya iya amsa maka, ya gane, jarrabawa kuma ba za ta ba shi tsoro ba. In ya kasa, ya koma ya sake karantawa. Wajen sanin bashi da gado da halin mutane ka fi shi nisa, don haka kai ne za ka buɗe masa abin da sharhin littafin bai faɗa ba.

Muna gaida jama'ar Kurya Madaro, da masu sauraronmu na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba da damina mai albarka, Ya sa albarka a kasuwa. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda don ta sami shiga da wuri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.